Wiliyam Shekisfiya, Ɗan Badukun Da Muka Sha Wuyarsa A Aji

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, duk wanda ya zauna ajin adabin Turanci a sakandare, ko a nan Ɗanbatta ko a wani gari, ya san sunan nan da ake rubutawa Shakespeare a bangon littafi, mu kuwa bakinmu ya fi sakewa da Shekisfiya. Mun haddace baitocinsa a karatun dare, mun raba wa juna sunayen mutanen da ke cikin wasanninsa, har wasu laƙabin ya bi su zuwa yau da suke da furfura. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka tsaya suka tambayi shi mutumin wane ne, domin jarrabawa ba ta tambaya. Ga shi kuwa idan aka bi tarihinsa, za a tarar ya fi kusa da mu fiye da yadda hoton nan nasa mai sanƙo da faffaɗar kwala ya sa muka zata.

An haife shi a watan Afrilu na shekarar 1564 a Stratford, wani ƙaramin garin kasuwa da ke bakin kogin Avon a tsakiyar ƙasar Ingila, aka yi masa baftisma ranar 26 ga watan. Gari ne na manoma da masu kiwon tumaki da dillalan ulu, irin garin da ƙauyukan kewaye ke kwararowa cikinsa ranar kasuwa, wanda ba sai an yi wa mutumin Ɗanbatta dogon bayaninsa ba. Mahaifinsa John baduku ne mai jimar fata da ɗinkin safar hannu, yana kuma taɓa cinikin ulu. Mahaifiyarsa Mary Arden 'yar wani manomi ce mai rufin asiri. Su takwas aka haifa, shi ne na uku, amma yayyensa mata biyu sun rasu tun suna jarirai. Yana ɗan watanni kaɗan annoba ta faɗa garin ta ɗebi mutum wajen 200, Allah ya tsallakar da shi.

John ya yi tashe har ya zama shugaban majalisar garin a 1568, saboda haka masana tarihi suka tafi a kan cewa a makarantar garin ɗansa ya yi karatu, tun da 'ya'yan irinsa kyauta suke shigarta. To, a nan ne ya kamata mu buɗe kunne. Yaran wannan makaranta sukan shiga aji tun ƙarfe 6 ko 7 na safe, ba a tashi sai yamma, ga bulala a ajiye. Abin da suke karantawa kuwa ba Turancinsu na gida ba ne, Latin ne, wato harshen Rumawan da, wanda babu mai ciniki da shi a kasuwar Stratford. Sukan haddace nahawunsa, su juya jimla daga Latin zuwa Turanci, su sake mayar da ita, su karanta waƙoƙin Ovid da wasannin Plautus da Terence, wani lokaci ma su tashi su kwaikwaya. Ashe wuyar da ya ba mu shi ma wasu sun ba shi irinta. Yadda muka yi fama da tsohon Turancinsa muna 'ya'yan Hausawa, haka ya yi fama da harshen wasu matattun baƙi yana ɗan baduku.

Wajen 1577 harkokin John suka soma ja da baya, bashi ya yi masa katutu, har ya daina zuwa zaman majalisa. Wiliyam bai je jami'a ba. A watan Nuwamba na 1582, yana da shekara 18, ya auri Anne Hathaway mai shekara 26. Suka haifi Susanna a 1583, sa'an nan tagwaye, Hamnet da Judith, a 1585. Bayan wannan ya bar iyalinsa a gida ya nufi Landan neman abinci, kamar dai yadda samarinmu kan tafi cin rani, sai dai nasa cin ranin ya kai shekara ashirin da wani abu.

Kafin 1592 ya riga ya yi suna a matsayin ɗan wasa kuma marubuci, har ya tsone wa masu digiri ido. A wannan shekara aka buga wata ƙasida da sunan Robert Greene, wanda ya yi karatu a Kambirij, inda aka kwatanta shi da hankakan da ya yi ado da gashin wasu tsuntsaye. Zargin ba ya rasa ƙamshin gaskiya, domin Shekisfiya bai cika ƙirƙiro labari daga kansa ba. Labarin Julius Caesar ya ɗauko shi ne daga littafin Plutarch wanda Thomas North ya fassara a 1579. Na Macbeth daga littafin tarihi na Holinshed. Na Othello daga wani gajeren labari na Italiya. Amma wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san cewa ɗauko labari daga waje ba laifi ba ne, abin dubawa shi ne irin rigar da aka sa masa. Alhaji Abubakar Imam ya yi haka da labaran Larabawa da na Indiya da na Turai, suka koma kamar a Kano ko Katsina aka haife su.

Daga 1592 zuwa 1594 annoba ta sa hukuma ta rufe gidajen wasa na Landan, sai ya juya ga rubutacciyar waƙa, ya fitar da dogayen waƙoƙi biyu ya sadaukar da su ga wani matashin basarake, mai sarautar Southampton. Gajerun waƙoƙinsa masu layi 14 kuwa, guda 154, sai a 1609 aka buga su. Galibin maganar cikin wasanninsa ma waƙa ce mai gaɓa goma a kowane layi, amma ba ta da amsa-amo, abin da ya sa kunnen da ya saba da ƙwar biyu da ƙwar biyar ke jinkirin yarda cewa waƙa ce.

Da aka buɗe gidajen wasa a 1594 ya shiga wata ƙungiyar 'yan wasa da ke ƙarƙashin inuwar wani babban bafaden Sarauniya Elizabeth, ya zama mai hannun jari a cikinta. A 1599 suka gina dandalinsu mai suna Globe a kudancin kogin Thames, da katakon tsohon gidan wasansu da suka kwance suka haye kogi da shi. Yana ɗaukar mutum wajen 3,000. Talaka kan biya kwabo ɗaya ya tsaya a fili, rana ko ruwa a kansa, yana ciye-ciye yana ihu, masu hali kuma su ƙara kuɗi su zauna a inuwa. Da rana tsaka ake wasan, kuma mata ba sa hawa dandali, samari ne ke sa kayan mata su fito, tamkar yadda a makarantun maza ake ɗaura wa wani ɗan aji ɗaya ɗankwali ranar wasan kwaikwayo. Waɗannan wasanni da muka riƙa tsinka layi-layi muna neman maki, don 'yan dako da almajiran masu sana'a da fadawa aka rubuta su, a ji da kunne a yi dariya ko a yi kuka. A ganina malaman da suka tilasta mana tashi mu kwaikwaya, maimakon mu zauna muna kwafar sharhi daga allo, su ne suka fi fahimtar mutumin.

Kada mai karatu ya zaci ƙasarmu ba ta cikin duniyar da ya rayu. Bisa lissafin Tarihin Kano, Sarki Muhammadu Zaki ne ke kan gado daga 1582 zuwa 1618, wato kusan duk tsawon aikin Shekisfiya. A 1600 aka buga fassarar Turanci ta littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a Landan, a ciki kuwa akwai bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir. A wannan shekarar dai jakadan Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya sauka a Landan ya yi watanni, shi ne kuwa sarkin da rundunarsa ta karya daular Songhai a 1591. 'Yan shekaru bayan haka Othello ya fito, wasan da jaruminsa baƙon janar ne daga Afirka wanda Turawan Banis ke buƙatar takobinsa amma suna ƙyamar ba shi 'yarsu.

Ɗansa namiji tilo, Hamnet, ya rasu a watan Agusta na 1596 yana da shekara 11. A shekaru goma da suka biyo baya ne ya rubuta manyan wasanninsa na baƙin ciki, irin su Hamlet da King Lear da Macbeth. Sarauniya ta rasu a 1603, Sarki James na Sikotland ya gaje ta, ya ɗauki ƙungiyar ta zama tasa. Ba mamaki ke nan da Macbeth ya kasance labarin Sikotland ne, na sojan da ya kashe sarkin da ya amince masa ya kwana a gidansa. Mu da muka tashi a ƙasar da ta ga Janairun 1966 da Fabrairun 1976, ba mu buƙaci kowa ya yi mana tafsirin Macbeth ko Julius Caesar ba. Sau da yawa abin da ke cikin littafin shi ne abin da rediyo ke faɗa.

Ta wani ɓangaren kuma mutum ne mai riƙon kuɗi, bai yi kama da mawaƙin da ke mutuwa a tsiya ba. A 1597 ya sayi gida na biyu a girma a Stratford. A 1602 ya sayi gona eka 107 a kan fam 320. A 1598, lokacin da ake ƙarancin abinci, sunansa ya fito cikin jerin waɗanda suka tara hatsi a gida, kuma ya taɓa kai maƙwabci ƙara a kan bashin da bai kai fam biyu ba. Wanda ya rubuta The Merchant of Venice ya san bashi ciki da waje, ya gan shi a gidan ubansa, ya kuma bi wasu.

Ranar 29 ga Yuni, 1613, ana cikin wasa aka harba igwa, tartsatsi ya kama jinkar Globe, ya ƙone ƙurmus, ko da yake ba a rasa rai ba. Wajen wannan lokaci ne ya daina rubutu. Ya mutu a Stratford ranar 23 ga Afrilu, 1616, yana da shekara 52, aka binne shi a cocin da aka yi masa baftisma. Mafi yawan dukiyarsa ya bar wa Susanna, matarsa kuwa abin da wasiyyar ta ambata mata da suna shi ne gadon kwanansa na biyu a daraja. Zuriyarsa ta yanke a 1670 da mutuwar jikarsa Elizabeth.

Ya mutu bai tattara wasanninsa ba, kusan rabinsu ma ba a taɓa buga su ba. Abokan aikinsa biyu, John Heminges da Henry Condell, waɗanda suka yi shekaru suna hawa dandali tare da shi, su ne suka bi takardu suka harhaɗa wasanni 36 suka buga a littafi ɗaya a 1623. Guda 18 daga ciki a nan suka fara ganin ɗab'i, har da Macbeth da Julius Caesar da Twelfth Night da The Tempest. Ba don zumuncin waɗannan mutum biyu ba, da wataƙila littattafan da muka fi sani ba su iso ko'ina ba.

Hanyar da suka biyo suka iso mana doguwa ce. A 1807 Charles Lamb da 'yar'uwarsa Mary suka mayar da wasanni 20 gajerun labarai cikin sassauƙan Turanci domin yara, ta nan kuwa ɗalibai da yawa suka fara ɗanɗana shi a ƙananan azuzuwa. Turawan mulki suka shigo da shi makarantunsu, hukumar jarrabawa ta WAEC da aka kafa a 1952 ta riƙe shi a manhaja. Daga baya 'yan Afirka suka yi masa abin da ya yi wa Rumawa. Julius Nyerere, yana shugaban ƙasarsa, ya fassara Julius Caesar zuwa Suwahili a 1963. A nan gida marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night Hausa da sunan Daren Sha Biyu a 1971, Dahiru Idris kuma ya mayar da The Merchant of Venice ya zama Matsolon Attajiri, kamfanin NNPC na Zariya ya buga su duka biyu.