Ɗan Baskore, Sarkin Katsinan Maraɗi: Jarumi ko Mahari?

Lokacin da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a 1807, Ummarun Dallaje ya hau gado, ƴaƴan sarautar da aka kora kuwa suka yi arewa. Bayan shekaru suna gudun hijira, Ɗan Kasawa ya zauna a kwarin Gulbin Maraɗi, bai kuma yarda a kira shi da wani suna ba sai Sarkin Katsina, sunan da masarautar take riƙe da shi har yau. Gobirawa ma, bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836, inda Sarkin Katsina Rauda ya kwanta dama, sun kafa Tibiri dab da Maraɗi. Wannan ƙullin Ɗan Baskore ya gada.

Bisa lissafin M. G. Smith, wanda ya yi nazarin masarautar a zamaninsa, Ɗan Baskore ya yi sarauta daga 1854 zuwa 1875. Mulki ne mai tsari. Kaura, Galadima, Ƴanɗaka da Durɓi su ne manyan fada masu zaɓen sarki, Kaura ke gaban rundunar dawaki, Iya kuma ke shugabantar mata da harkar bori. Birnin da yake mulka yana cikin kwari, ba a tudun da aka koma bayan ambaliyar 1945 ba, kuma garuruwan bakin gulbi irin su Jiratawa na ƙarƙashinsa.

Da rani ya kama aka gama girbi, sai dawakin Maraɗi su haɗu da na Tibiri, musamman a zamanin Sarkin Gobir Bawa ɗan Gwamki, su nausa kudu. Sun addabi ƙasar Katsina da Zamfara, sun taɓa ƙasar Kano. Sakkwato ta mayar da martani da garuruwan ribaɗi, ta kuma raba kan Gobirawa ta hanyar goyon bayan Ɗan Halima, wanda ya kafa Sabon Birni. Duk da haka ba a ci Maraɗi ba. Shi ma bai karɓo Katsina ba.

A nan mai nazarin harshe yake da abin cewa, domin hukuncin da ake yi wa mutumin yana ɓoye cikin kalmar da aka zaɓa tun kafin a fara muhawara. Hausa ta bambanta yaƙi da hari da fashi. Yaƙi na sarakuna ne, da tambari da tuta. Fashi aikin wanda ba shi da hurumi ne, mai tare hanya. Hari yana tsakani: a faɗa wa gari da asuba, a kwashe dabbobi da mutane, a juya kafin gudummawa ta iso. Wanda ya tashi a Maraɗi yakan ce Ɗan Baskore ya yi yaƙi don ƙwato gadon kakanninsa. A kudu kuwa an fi tuna Maraɗawa da hari. Hatta kalmar Haɓe da littattafan tarihi suke laƙaba wa waɗannan sarakuna daga Fulatanci ta fito, wato suna ne da abokan gaba suka raɗa, masana suka ɗauka kamar ba shi da ɓangare.

Kiransa ɗan fashi bai dace da hujja ba. Sarki ne da masu zaɓe suka naɗa, yana da da'awa a kan ƙasar da aka ƙwace wa gidansu da takobi. Amma kalmar jarumi, in aka tsaya a kanta kaɗai, tana rufe wani abu mai nauyi. Mafi yawan waɗanda mahara suka ɗaure ba sarakunan Fulani ba ne. Talakawa ne manoma, Katsinawa masu harshe ɗaya da maharan, jikokin mutanen da kakannin Ɗan Baskore suka mulka. Wasu danginsu suka fanshe su, wasu aka sayar. Rundunonin daular Sakkwato ma haka suke yi wa ƙauyukan arewa, sai dai wannan bai rage wa wanda aka kama zafin igiya ba.

Bayan rasuwarsa sarauta ta yi rauni, ƙarfi ya koma hannun jagororin yaƙi. Kafin ƙarni ya ƙare, Kaura Hasau ne ke naɗa sarki yana tuɓewa a Maraɗi, har Faransawa da Ingilishi suka iso suka shata iyaka tsakanin Katsinan biyu.