Bruce Lee: jarumin da ya sauya yadda ake tsara faɗa a fim

Duk wanda ya taɓa zama kan bencin gidan silima ko na gidan bideyo a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san sunan Bruce Lee. Da yawa sun riƙe ƙarar nan da yake yi in zai kai duka, da sandunansa biyu masu sarƙa a tsakani. Amma finafinan faɗa huɗu kacal ya kammala yana babban jarumi, uku daga cikinsu da kuɗi kaɗan aka yi su, kuma yawancin rigimar da ya sha da masu ba da umarni a kan abu ɗaya ce, wato yadda za a tsara faɗa a gaban kamara.

An haife shi ranar 27 ga watan Nuwamba na shekara ta 1940 a birnin San Francisco na Amurka, lokacin da mahaifinsa Lee Hoi-chuen, ɗan wasan kwaikwayon gargajiyar Sin, ke yawon wasa a can. Sunansa na yanka Lee Jun-fan. Yana jariri aka koma da shi Hong Kong, inda ya yi ƙuruciyarsa cikin mamayar sojojin Japan. Tun yana yaro ya shiga fim, kuma kafin ya bar Hong Kong ya fito a finafinai kusan 20. Da ya zama saurayi ya koyi salon faɗan Wing Chun a makarantar malam Ip Man. A 1958 ya ci gasar rawar ca-ca-ca ta Hong Kong, ya kuma ci gasar damben zamani ta ƴan makaranta. Faɗan titi da ya yi yawa ne ya sa iyayensa suka tura shi Amurka a 1959.

A birnin Seattle ya yi aiki a gidan abinci, ya shiga jami'ar Washington a 1961, ya buɗe makarantar koyar da faɗa. Ya auri Linda Emery a 1964, suka haifi Brandon da Shannon. A wannan shekara ya nuna gwanintarsa a gasar karate ta Long Beach, abin da ya kai shi ga samun matsayin Kato a shirin talabijin The Green Hornet, wanda masu jin Faransanci suka sani da Le Frelon vert. A nan ya fara gane cewa faɗan gaske daban, na kamara daban, don sai da aka nemi ya rage sauri kafin a iya ganin hannunsa a hoto. Shirin ya tsaya a 1967 bayan kashi 26. Daga nan ya koma koyar da manyan ƴan wasa irin su Steve McQueen da James Coburn, yana kuma tsara faɗa a finafinan wasu, kamar The Wrecking Crew na 1968. Masu fim na Amurka sun yarda da gwanintarsa, sai dai ba su shirya ba ɗan Sin matsayin babban jarumi ba. A 1970 kuma ya ji ciwo a baya wajen ɗaga ƙarfe, ya yi watanni a kwance.

Da ya waiwayi Hong Kong, ya tarar da masana'anta mai aiki da gaggawa. Ana ɗaukar fim ba sauti, sai daga baya a saka murya da ƙarar duka. Yawancin masu tsara faɗa da yaransu masu karɓar duka daga makarantun wasan gargajiya suka fito, inda ake horar da yara tsalle da alkafura tun suna ƙanana. A wurin ɗauka ake ƙirƙiro faɗan, a maimaita shi ƴan lokuta, a ɗauka. Naushin ba ya taɓa mutum, amma idan aka ajiye kamara a bayan mai dukan, ba a ganin tazarar da ke tsakani, sauran aikin kuma na wanda zai jefa kai baya ya faɗi ne a daidai lokacin. Don ƙara sauri, akan rage gudun kamara ƙasa da hotuna 24 a daƙiƙa, ta yadda in an nuna fim ɗin motsi zai yi sauri. Don tsalle mai nisa kuwa, akan ɓoye shimfiɗa mai cilla mutum sama a inda kamara ba ta gani.

Babban kamfanin lokacin, Shaw Brothers, ya yi masa tayin da ya raina. Sai Raymond Chow, wanda ya bar Shaw ya kafa ƙaramin kamfanin Golden Harvest a 1970, ya ɗauke shi kan dala dubu 15 na fim biyu. An ɗauki na farkon, Big Boss, a 1971 a garin Pak Chong na ƙasar Tailan, da kuɗin da aka ƙiyasta kimanin dala dubu 100. Labarin wani saurayi ne da ya samu aiki a masana'antar ƙanƙara inda ake ɓoye miyagun ƙwayoyi, bayan ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin ba zai ƙara faɗa ba. Saboda wannan alkawari, sai an yi nisa cikin fim ɗin kafin ya ɗaga hannu.

Mai tsara faɗan fim ɗin shi ne Han Ying-chieh, tsohon hannu a sana'ar, wanda kuma ya fito a matsayin shugaban miyagun. Han ya saba da faɗa mai tsawo, ana kai duka ana karewa kamar rawa. Bruce Lee kuwa yana son faɗa gajere: a tsaya a auna juna, a kai shuri biyu ko uku, mutum ya faɗi. Bai so tsalle-tsallen shimfiɗa ba, bai kuma ji daɗin wurin nan da ya doki wani ya fasa bangon katako ya bar ramin siffar jikinsa ba, wanda mai ba da umarni Lo Wei ya nace a kai. Wasu wuraren ya yi nasara, wasu ya haƙura, kuma mai kallo da kyau zai ga salon biyu a cakuɗe cikin fim ɗin. Da ya fito a watan Oktoba na 1971, ya tara fiye da dalar Hong Kong miliyon 3, abin da wani fim bai taɓa yi ba a can.

Wannan nasara ta ba shi bakin magana. A Fist of Fury na 1972, wato La Fureur de vaincre, shi ya fi iko da faɗansa, musamman inda ya shiga makarantar Japanawa shi kaɗai ya fito da sandunan nan masu sarƙa. Bayan nan ya raba gari da Lo Wei, ya rubuta The Way of the Dragon, wato La Fureur du dragon, ya ba da umarni da kansa. An ɗauki wani sashe a birnin Roma, amma faɗan ƙarshe da Chuck Norris, zakaran karate na Amurka, yawancinsa cikin ɗakin ɗauka na Hong Kong aka yi shi, gaban hoton tsohon dandalin Kolize. A wannan faɗa aka ga abin da yake nufi. Kamara tana nesa, ana ganin mutanen biyu daga kai har ƙafa. Da farko jarumin ne ke shan kashi, sai ya sauya takunsa, ya soma tsalle-tsalle kan yatsun ƙafa irin na ƴan damben zamani, abokin karawar ya kasa gane inda zai ɓullo. Bayan ya kashe shi, ya ɗauko rigarsa da ɗamararsa ya lulluɓe shi. Ba a yi magana ba, amma ɗan kallo ya san dalilin da ya sa ɗaya ya ci, ɗaya ya faɗi.

Sai a lokacin Amurka ta dawo nemansa. Kamfanin Warner Bros ya shiga aikin Enter the Dragon, wato Opération Dragon, da kimanin dala dubu 850. Shi ya tsara faɗan, kuma cikin matasan da suka karɓi dukansa akwai Sammo Hung da Jackie Chan. Aikin bai rasa haɗari ba, don ya yanke a hannu da fasasshiyar kwalba wajen ɗaukar faɗansa da Bob Wall.

Bai ga fitowar fim ɗin ba. Ranar 10 ga watan Mayu na 1973 ya yanke jiki ya faɗi wajen aikin saka murya. Ranar 20 ga watan Yuli, a gidan ƴar wasa Betty Ting Pei, ya sha maganin ciwon kai ya kwanta, bai farka ba. Binciken hukuma ya ce kumburin ƙwaƙwalwa ne, aka danganta shi da maganin. Yana da shekara 32. An binne shi a Seattle, inda daga baya aka binne ɗansa Brandon kusa da shi, bayan harbin kuskure da ya kashe shi wurin ɗaukar fim a 1993.

Bayan mutuwarsa ƙananan kamfanoni suka cika kasuwa da masu kama da shi, irin su Bruce Li, Bruce Le da Dragon Lee. A 1978 Golden Harvest ya haɗa Game of Death, wato Le Jeu de la mort, daga kimanin minti 11 na faɗan da ya bari, aka cike sauran da wasu mutane, har da hotunan jana'izarsa ta gaskiya. Kamfanin ya yi ƙoƙarin samun magaji, shi ma Lo Wei ya gwada mai da Jackie Chan sabon Bruce Lee, abin bai karɓu ba. Sai da Jackie Chan ya bar kwaikwayo ya koma faɗa mai ban dariya, a Drunken Master na 1978, sannan ya samu nasa sunan.