Sardauna Ahmadu Bello da Ƙwallon Bango: Darasi Ga Makarantunmu

Gabatarwa

Ni haifaffen Kafanchan ne, garin nan na mahaɗar jirgin ƙasa da ke kudancin Jihar Kaduna. Kafin Allah ya nufe ni da shigowa jami'a, na yi shekara biyu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a garinmu. Gidan haya ne aka mayar makaranta, ba ta da filin da ya kai na shanyar hatsi. A jadawalin darussa an rubuta lokacin motsa jiki sau biyu a mako, amma ban taɓa ganin an yi shi ba, domin kullum malamin lissafi ake bai wa lokacin. Da zarar azahar ta gabato sai ka ga rabin aji na gyangyaɗi, sauran kuma na tsokanar juna, mu kuwa ba mu da magani sai bulala.

Wannan abu ya daɗe yana damuna. Da na zo jami'a, ina karanta littafin da John Paden ya wallafa a 1986 kan rayuwar Sir Ahmadu Bello, sai na lura da wani ɓangare na tarihinsa da ba kasafai ake ambata ba, wato shaƙuwarsa da wasan da ya koya a makaranta. Shi ya sa na ga ya dace in kawo wa mai karatu tarihin wannan bawan Allah ta wannan fuska.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Ahmadu a garin Rabah ta ƙasar Sakkwato a 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin Rabah, kuma ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya rasu. Kamar sauran yaran zamaninsa, da karatun allo ya fara, daga baya aka kai shi makarantar lardi ta Sakkwato, inda ya soma karatun boko.

A 1926 aka zaɓe shi zuwa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. A wancan lokaci babu motar da za ta ɗauki ɗalibi, saboda haka a ƙafa ake yin tafiyar daga Sakkwato zuwa Katsina, ana yada zango har kusan mako guda. Yaron da ya saba da irin wannan tafiya bai san zaman wuri ɗaya ba.

Zamansa a Kwalejin Katsina

Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe wannan kwaleji a 1922 domin ta samar wa Arewa malaman makaranta. Ita ce aka mayar Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, wadda a yau muka sani da Kwalejin Barewa. A cikinta aka horar da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Isa Kaita da Aliyu Makaman Bida.

An san kwalejin da tsananta wa ɗalibai kan Ingilishi da lissafi, amma duk da haka ba ta ɗauki wasa a matsayin ɓata lokaci ba. Idan an tashi daga aji an huta, da la'asar ɗalibai kan fita fili, malamai na tare da su. Ana buga kurket da ƙwallon ƙafa, sai kuma wanda ya fi shiga ran Ahmadu, wato ƙwallon bango, wanda Turawa ke kira fives.

Asalin wannan wasa daga makarantar Eton ta Ingila yake, inda yara suka ƙirƙiro shi a jikin bangon majami'ar makarantar. Wani malami Bature mai suna Hogben, wanda ya koyar a Birnin Kebbi da Katsina a shekarun 1920, shi ake danganta wa kawo shi ƙasar Hausa. Yadda ake yinsa kuwa shi ne, ana gina ɗan fili mai bango uku, gaba da dama da hagu, a bar baya a buɗe. Mutum huɗu ke shiga, biyu-biyu, suna dukan ƙwallo da tafin hannu ta daki bangon gaba ta dawo, abokan hamayya su mayar kafin ta yi tsalle sau biyu. A jikin bangon hagu akwai wani tudu da ke karkatar da ƙwallon ta inda ba a zata ba, don haka dole ido da ƙafa da tunani su yi aiki tare. Ƙwallon da Turawa ke amfani da ita tana da tauri, tana farfasa bangon ƙasa, sai mutanenmu suka koma ga ƙwallon tanis, wasan ya zauna da gindinsa.

Ahmadu ya yi fice a wannan wasa har ya shiga sahun gwanayen kwalejin. A ganina akwai abubuwa uku da wasan ke koyarwa. Na farko, ba a cinsa da ƙarfi kaɗai, sai da lura da saurin yanke shawara. Na biyu, mutum ba ya yinsa shi ɗaya, dole ya san inda abokinsa yake tsaye, ya bar masa ƙwallon da ta fi kusa da shi. Na uku, bisa al'ada ba a sa alƙali, 'yan wasan ne da kansu ke faɗin gaskiya idan sun yi kuskure. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aikin Malanta da Sarauta

Ya kammala kwaleji a 1931, ya koma Sakkwato ya koyar a makarantar midil har zuwa 1934, lokacin da aka naɗa shi hakimin Rabah. Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938, yana cikin waɗanda suka nemi gadon, amma Allah ya bai wa Abubakar na Uku. A wannan shekara aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau domin ya kula da gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato.

A 1943 ya gamu da jarrabawa babba, inda aka tuhume shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa hukunci. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka wanke shi. Wannan shari'a, maimakon ta dusashe shi, sai ta ƙara fito da sunansa a faɗin Arewa. A 1948 ya tafi Ingila ya karanci sha'anin mulkin ƙananan hukumomi, a shekarar da ta biyo baya kuma ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna.

Firimiya Mai Ƙwallo a Hannu

Sardauna ya zama ministan ayyuka a 1952, sannan Firimiyan Jihar Arewa a 1954 a ƙarƙashin jam'iyyar NPC. A zamaninsa aka kafa Bankin Arewa, aka faɗaɗa makarantun sakandare da na horon malamai, aka kuma buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a watan Oktoba na 1962.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, duk da wannan tarin aiki da yawan rangadi, bai yar da ƙwallon bango ba. A Kaduna yakan fita da yamma ya buga tare da ministocinsa da ma'aikata, da yawansu tsofaffin ɗaliban Katsina. Ko a wata ziyara da ya kai Ingila sai da ya je Eton ya buga wasan a mahaifarsa. Saboda wannan ƙauna, daga baya aka sa gasar ƙwallon bango ta cin Kofin Sardauna, kuma babban filin wasa na Kaduna ma sunansa aka sa masa. Wasan da yaro ya koya yana ɗan shekara goma sha shida ya bi shi har ya haura hamsin.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, a yankinmu na kudancin Kaduna ra'ayi ya rabu kan siyasar Sardauna. Akwai dattawan da ke yaba masa kan guraben karatu da aikin gwamnati da 'ya'yan Arewa suka samu, akwai kuma waɗanda suka bi jam'iyyar UMBC suna neman yankin kansu, suna ƙorafi da mulkin en'e. Wannan muhawara tana da muhallinta. Amma batun lafiyar yara ba shi da jam'iyya, kuma dattawanmu da suka yi makarantun mishan a Kagoro da Kwoi su ma suna ba da labarin fareti da guje-guje da ƙwallon ƙafa da suka yi a matsayin wani ɓangare na karatu.

Rasuwarsa

A daren 15 ga Janairu, 1966, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka kai hari gidansa a Kaduna, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu, a juyin mulki na farko a Nijeriya. Allah ya jiƙansu da rahama.

Darasi Gare Mu

Ba ina cewa ƙwallon bango ce ta mayar da Ahmadu Firimiya ba. Haka kuma na san Kwalejin Katsina ta 'yan ƙalilan ce, kuma maza zalla, ba kamar azuzuwanmu na yau masu cunkoso ba. Sai dai waɗanda suka tsara ta sun fahimci abin da muka manta, wato ƙwaƙwalwa a cikin jiki take zaune, idan jiki ya mutu da zama ita ma sai ta yi sanyi. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

Binciken zamani ma ya gaskata su. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana. Wani nazari da masanan hukumar suka wallafa a 2019 ya nuna cewa kimanin kashi 81 cikin 100 na matasa 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun hakan, kuma 'yan mata sun fi maza rashi. Motsa jiki na ƙarfafa zuciya da ƙashi, yana gyara barci, yana rage damuwa, yana kuma taimaka wa yaro ya natsu a aji.

Uzurin da muka fi kawowa shi ne rashin fili da rashin kuɗi. To, ƙwallon bango ta rushe wannan uzuri, domin bango da ƙwallo ɗaya kawai take buƙata. Makarantar da na koyar ba ta da fili, amma tana da dogon bango a bayan azuzuwa, ni kuwa na shekara biyu ina wucewa ta gabansa da bulala a hannu. Ban da wannan, muna da namu na gado da ba su cin ko kwabo, irin su langa da kokawa da 'yar gala-gala da tsallen igiya da wasannin gaɗa. Mu ɗaliban harshe ya kamata mu fi kowa sanin darajarsu, tun da waƙoƙin da ke cikinsu adabi ne da muke nazari a aji. Malamin Hausa da ya fita da ɗalibansa tsakar makaranta suka yi gaɗa na minti goma sha biyar ya koyar da adabin baka, ya kuma motsa musu jini.

Kammalawa

Da yawanmu aikin koyarwa za mu kama bayan mun bar jami'a, wasu ma za su zama shugabannin makarantu. Ina kira gare mu da kada mu yarda a riƙa cinye lokacin motsa jiki da sunan ƙarin darasi, mu tabbatar 'yan mata sun samu rabonsu, mu kuma malamai mu riƙa fita tare da yara kamar yadda malaman Katsina suka yi. Haka nan ina roƙon hukumomin ilimi su riƙa duba wurin wasa kafin su ba makaranta izinin buɗewa. Ni dai na ɗauki alkawari, idan Allah ya mayar da ni aji a Kafanchan, ƙwallon tanis ce za ta fara shiga jakata kafin alli. Allah ya ba mu ikon aikatawa, amin.