Yaa Asantewaa: salsalar da na bi ta wajen uwa

Wata ɗalibata a Kumasi ta tambaye ni ko Yaa Asantewaa ta bar zuri'a. Wallahi shiru na yi, sai da na koma bincike.

Na fara da neman dangin ubanta, yadda muka saba a Zango. Ashe na ɓata hanya, don mutanen Asante ta wajen uwa suke gado. An haife ta a Besease wajajen 1840. Ɗan'uwanta Afrane Panin, sarkin Ejisu, ya naɗa ta uwar sarauta. Da ya rasu a 1894, sai ta ɗora jikanta, ɗan 'yarta Ama Serwaa, a kujerar. Turawan Ingila suka tafi da shi tare da Sarki Prempeh I a 1896.

To, da Gwamna Hodgson ya nemi Kujerar Zinariya a 1900, wannan kakar da aka raba da jikanta ce ta jagoranci yaƙin. An kama ta a 1901, ta rasu a tsibiran Seshel a 1921.

Cikin sojojin da suka tsare wa Turawa sansaninsu na Kumasi har da Hausawa. Wannan ma ban ɓoye wa ajin ba.