Marie Tharp, matar da ta gano tsagar da ke ƙasan Tekun Atilantika

An haifi Marie Tharp ranar 30 ga Yulin 1920 a garin Ypsilanti da ke jihar Michigan ta Amurka. Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya kwashe maza daga jami'o'i, shi ya buɗe mata ƙofar karatun ilimin duwatsu.

A 1948 ta kama aiki a sashen binciken ƙasa na Jami'ar Columbia. A zamanin ba a yarda mata su shiga jiragen ruwan bincike ba. Maza ke fita su auno zurfin teku da na'urar amsa-kuwwa, ita kuma ta mayar da alƙaluman zane a ofis. A 1952, tana jera awo shida da suka ratsa Arewacin Atilantika, sai ta lura cewa dogon tsaunin da ke tsakiyar tekun yana da kwari mai zurfi a kan ƙololuwarsa. Ta fassara kwarin a matsayin wurin da ƙasan teku ke darewa.

Abokin aikinta, Bruce Heezen, ya yi fatali da batun, yana kallonsa a matsayin zancen 'yan mata. Da tsoro a ciki ma, domin amincewa da shi goyon baya ne ga ra'ayin Alfred Wegener cewa nahiyoyi na motsi, ra'ayin da manyan malaman Amurka suka daɗe da yin watsi da shi. Bai saduda ba sai da aka ɗora taswirar wuraren girgizar ƙasa a kan tata, aka ga sun bi kwarin.

Bayanin yadda abin ke faruwa ya zo daga baya, musamman daga Harry Hess a 1962. Dutse mai zafi na tasowa daga cikin ƙasa, wani ɓangarensa ya narke ya cike tsagar, ya huce ya daskare, sannan ya gusa dama da hagu, wani sabo ya maye gurbinsa. Da haka Atilantika ke ƙara faɗi da 'yan santimita a shekara, kuma da haka gaɓar Najeriya ta yi nisa da ta Burazil bayan a da suna haɗe.

Da aka sanar da gano kwarin a 1956, sunayen Heezen da shugabansu Maurice Ewing ne a kan takardar, babu nata. Sai a 1968 ta fara shiga jirgin bincike. Taswirar ƙasan tekunan duniya da suka yi da Heezen ta fito a 1977, shekarar da ya mutu. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya karrama ta a 1997, shekara 45 bayan ganowar. Ta mutu ranar 23 ga Agustan 2006, tana da shekara 86.