Audu Bako: Ɗan Sandan da Ya Tare Kogi

Duk wanda ya taɓa cin tumatirin Kadawa ko shinkafar Kura ya ci gajiyar Audu Bako, ko ya sani ko bai sani ba.

An haife shi a Kaduna a 1924. Mahaifinsa ɗan sanda ne, shi ma ya shiga aikin a 1942. Da Yakubu Gowon ya ƙirƙiri jihohi 12 a 1967, sai ya naɗa shi gwamnan Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa har da Jigawa ta yau. Ya riƙe kujerar har juyin mulkin 1975, ya rasu a 1980. Allah Ya jiƙansa.

Ruwa shi ne abin da ya sa a gaba. Manomi na zaman banza duk rani, alhali ruwan damina ya bi kogi ya wuce. To me zai hana a tare shi? Ya gina madatsar Bagauda, sannan ta Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka gama a 1974, daidai lokacin da fari ya gallabi Arewa. Daga Tiga aka ja magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura, noman rani ya kankama.

Sai dai fa kogi yana da gaba. Ruwan da aka tare a Tiga shi ne wanda a da yake gangarawa Kogin Haɗeja, ya malale fadamun Haɗeja da Nguru duk shekara. Da wannan malala ake noman shinkafa, masunta su kama kifi, makiyaya su sami ciyawa in ruwan ya janye. Bayan Tiga, da kuma madatsar Challawa ta 1992, malalar ta ragu. Ruwan da ake saki har cikin rani kuma ya ba ciyawar kachala damar yaɗuwa ta toshe hanyoyin ruwa. Abin tausayin, mutanen Haɗeja ma talakawansa ne a lokacin.

Ni daga Yashe na fito, ba nisa da madatsar Zobe ta Dutsin-Ma. An gama ta a 1983, amma ta yi shekaru da yawa manoma ba su more ta yadda aka tsara ba. Shi ya sa nake girmama Audu Bako: nasa ruwan ya isa gona. Amma labarin Haɗeja ya nuna mini cewa siminti na iya tare kogi, ba ya iya ƙara masa ko ɗigo. Abin da wani ya samu, a bakin wani aka cire.

Yau ana maganar sarrafa gajimare da rage zafin rana da fasaha. Mu da za mu karɓi difloma mu shiga irin waɗannan ayyuka, kafin mu ja layi a takarda mu fara tambaya: su wa ke zaune a ƙarshen kogin?