Yared: Ɗalibin da Ya Gudu daga Makaranta, Ya Dawo Ya Tsara Waƙar Habasha

'Yan uwana ɗalibai, a wannan fitowar na zaɓo mana tarihin Yared, wanda Habashawa ke ɗauka uban waƙoƙin cocinsu. Dalilina kuwa, shi ma sai da karatu ya ba shi wuya sosai kafin sunansa ya fito.

Tarihin cocin ya nuna an haife shi a birnin Aksum a shekarar 505. Aksum ɗin nan dai ita ce masarautar da Najjashi ya karɓi Musulmin hijirar farko, kimanin shekara 110 bayan haka. Yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya rasu, aka kai shi wajen wani ɗan uwansu malamin coci mai suna Gidewon don ya koyi Zabura. Karatu ya ƙi shiga, ga faɗa ga duka, har yaro ya gudu. An ce yana zaune a gindin bishiya sai ya ga wata tsutsa tana ƙoƙarin hawa. Sau shida tana faɗowa, a na bakwai ta kai. Nan take ya koma wajen malaminsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin da ya bari, wanda suke kira Zema. Ya kasa rera waƙa gida uku. Akwai Gi'iz, salo mai sauƙi na ranakun yau da kullum. Akwai Izil, mai nauyi, ana jan sa a hankali lokacin azumi da jana'iza. Sai Araray, mai armashi, na ranakun biki. Wato mai rerawa ba ya yin yadda ya ga dama, kowace rana da muryarta. Littattafai biyar ake danganta masa, babbansu Diggwa, wanda ya jera waƙoƙin shekara kakaf. Ana raka su da ganga mai suna kebero, da kacau-kacau na ƙarfe, da sandar da mawaƙa ke kaɗawa. Alamomin da ake rubutawa a saman kalmomi don nuna hawa da saukar murya kuwa, sai a ƙarni na 16 aka daidaita su.

Ana ba da labarin wata rana yana rerawa gaban Sarki Gebre Meskel. Daɗi ya kwashi sarki har ya dafa mashinsa a kan ƙafar Yared, jini na zuba, ba wanda ya lura a cikinsu sai da waƙa ta ƙare. Da sarki ya ce ya roƙi abin da yake so, izinin barin fada kawai ya nema. Ya koma duwatsun Simiyen yana koyarwa har ya rasu a 571.

Yau makarantar kiɗa ta Jami'ar Addis Ababa sunansa take ɗauke da shi. Mu 'yan ajin ƙarshe mun kusa tafiya, amma ƙanina da kari-oba ya sa kake shirin haɗa kayanka, don Allah fa ka ƙirga tukuna: sau nawa ka faɗo?